Ƙarin Ruwa Ga Wanda Ciwo Ya Yi Wa Tsanani: Abin Da Ya Kamata Mai Jinya Ya Sani



A wajen mutanenmu, in aka kai mutum asibiti ba a rataya masa leda ba, to kamar ba a yi komai ba ne. Sai ka ji ana cewa likitan nan bai san aiki ba, ko ruwa bai sa masa ba. In kuwa aka jera leda huɗu, sai hankali ya kwanta, a ce an yi ƙoƙari. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, ba likita ba, amma da yake ina jin Turanci da ɗan Yarabanci, ni ake yawan turawa in raka yaran kara asibiti in yi tafinta. A zaman benci da yawan tambayar nas-nas da karance-karance na tattara abin da zan faɗa a nan. Ƙarin ruwa magani ne kamar kowane magani: yana da iri, yana da awo, yana da gudun da ake so ya tafi da shi. Yana ceton rai, yana kuma iya kashewa in ya yi yawa.

Me ake nufi da shi

Jikin babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. Jinin da ke zagayawa a jijiyoyinsa bai wuce lita 5 ba. In wannan ya ragu ƙwarai, ko ta hanyar amai da gudawa, ko zubar jini, ko ƙuna, ko kuma ƙwayoyin cuta sun shiga jini jijiyoyi suka saki, zuciya ba ta samun abin da za ta tura. Ƙoda da ƙwaƙwalwa su ne ke fara jin jiki. Ƙarin ruwa shi ne a zuba ruwa mai tsabta, wanda aka auna gishirinsa ko sukarinsa, kai tsaye cikin jijiya, domin a cike giɓin da sauri fiye da yadda baki zai iya.

Wanda ya san shanu ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ɗan maraƙin da zawo ya kama, idonsa faɗawa ciki yake yi, hancinsa ya bushe, in ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki sai ta tsaya ba ta koma ba. Haka ɗan Adam yake. Nas ma fatar ciki take tsunkula ta duba ido da harshe.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1832, lokacin da kwalara ta afka wa Birtaniya, wani likita mai suna Thomas Latta a garin Leith na Sikotilan ya ɗura wa masu ciwon ruwan gishiri ta jijiya. Wasu da aka riga aka fidda rai da su suka buɗe ido suka yi magana. Daga kwalara aka faro, har yau kuma a kanta aka fi ganin amfaninsa ƙarara.

Ledojin ba iri ɗaya ba ne

A ido duk farin ruwa ne, kuma galibi ledar rabin lita ce, wato mililita 500, daidai da fiya wata guda. Amma ka karanta jikin ledar.

Akwai ruwan gishiri, wanda za ka ji suna kira nomal salin, da lamba 0.9 a jiki. Giram 9 na gishiri ne a kowace lita. Kenan leda ɗaya tana ɗauke da giram 4 da rabi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5. Ka lissafa da kanka abin da leda huɗu za ta yi wa dattijo mai hawan jini ko mai ciwon zuciya.

Akwai Ringa, wasu su ce Hatman, sunayen masanan da suka haɗa shi ne, Sydney Ringer da Alexis Hartmann. Shi bayan gishiri yana da ɗan fotasiyam da kalsiyam da wani sinadari da ke rage tsamin jini, don haka ya fi kama da ruwan jikin mutum. Shi aka fi so ga mai kwalara da wanda ya ƙone.

Sai ruwan sukari, dekstros, mai lamba 5 ko 10. Wannan ne mutanenmu suka ɗauka abinci ne. To, ledar mai lamba 5 giram 25 na sukari ne a ciki, bai ma kai na kwalbar lemo ɗaya ba. Ba zai ƙosar da kowa ba, ba ya kuma sa ƙarfi. Amfaninsa shi ne ga wanda sukarin jininsa ya faɗi, ko wanda aka hana ci saboda tiyata, ko a narka wani magani a ciki. Ba a amfani da shi wajen ɗago wanda jininsa ya yi ƙasa, saboda ba ya zama a jijiya, tsiyayewa yake cikin tsoka. Ga wanda ya bugu a kai kuwa, kamar haɗarin babur, yana iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa.

Ruwan nan mai launin ɗorawa da ake ta yabo a kemis, wai mai ƙarfi, ruwa ne dai aka zuba masa allurar bitamin B ya canja launi. Ƙananan kwalabe na mililita 100 kuma ba ƙarin ruwa ba ne, magunguna ne irin su farasitamol da Flagyl da ake bi da su ta hanya ɗaya.

Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: ruwa ba jini ba ne. Ba ya ɗaukar iskar oksijin. Ko ruwan gishirin ma, bayan ɗan lokaci kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke saura a jijiya. Wanda sa ya soka a kara, ko matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ruwa riƙe shi kawai zai yi kafin a tsayar da zubar a samo jini. In likita ya ce a kawo masu ba da jini, kada a tsaya ana cewa ai an sa masa ruwa. A kira 'yan'uwa nan take.

Inda ake sakinsa da gudu

Kwalara ce kan gaba. Mun ga yadda ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, kuma duk inda ake cunkoso da ruwan rijiya da ban-ɗaki na haɗaka, kamar yawancin zangunanmu, ba ta da nisa. Mai kwalara yana iya zubar da lita da yawa cikin 'yan awoyi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ya bushe ƙwarai ita ce mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 zai sha lita 6 kenan, leda 12, cikin awa 3, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ana so ya shiga a rabin awar farko. Don haka in ka ga an sa masa hannu biyu, nas tana matse leda, kada ka firgita ka ce za a kashe shi. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya shi ana ja masa zuwa awa 6. Da zarar mutum ya iya haɗiya kuma, ana haɗa masa da ruwan gishiri da sukari na sha. In an yi haka da wuri, waɗanda kwalara ke kashewa ba sa kai mutum ɗaya cikin 100.

Wanda wuta ta ƙona sosai ma yana buƙatar ruwa mai yawa, domin ruwan jiki ta wurin ƙunar yake tsiyayewa. Akwai lissafin da suke yi da nauyinsa da faɗin ƙunar. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30 na jikinsa zai iya buƙatar sama da lita 7 a yinin farko, rabi a awa 8 na farko, kuma daga lokacin da wutar ta ci shi ake fara ƙirga awoyin, ba daga lokacin da aka iso asibiti ba. Saboda haka ka riƙe lokacin da abin ya faru, za a tambaye ka.

Mai ciwon suga da sukarinsa ya hau har ya fita hayyacinsa, yana ta fitsari yana numfashi mai zurfi, shi ma da ruwan gishiri ake fara masa kafin insulin.

Inda yawansa ke kashewa

Nan ne na fi so a tsaya, domin nan ne tunaninmu ya fi karkacewa.

Ruwan da aka zuba a jijiya dole ya sami inda zai je. In zuciya ba ta da ƙarfin tura shi, ko ƙoda ta daina tacewa, huhu yake komawa. Mutum yana kwance a kan gado amma kamar wanda ya nutse a kogi. Masu ciwon zuciya, masu ciwon ƙoda, tsofaffi, da mai cikin da jininta ya hau ƙafafu suka kumbura, duk a hankali ake ba su, wani lokaci ma hana su ake yi. Yaron da tamowa ta kama, mai kumburin ƙafa da jan gashi, zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya kai gargara, sauran duk ta baki ake bi da shi cokali-cokali.

Ba zato ba ne, an gwada. A shekarar 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna FEAST, wanda Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a asibitocin Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Yara sama da 3,000 ne masu zazzaɓi mai tsanani, da yawansu maleriya ce, jininsu ba ya zagayawa yadda ya kamata. Wasu aka sakar musu ruwa da gudu tun farko, yadda aka saba a Turai, wasu aka ba su a hankali. Cikin kwana biyu, waɗanda aka sakar wa da gudu sun mutu kusan 10 da rabi cikin 100, na a hankali kuwa 7 da ɗan ɗoriya. Su kansu likitocin abin ya ba su mamaki, domin a ido yaran da aka ba ruwan kamar sun fi farfaɗowa da farko. A lura, binciken bai haɗa da masu gudawa ko ƙuna ba, waɗannan suna nan a kan ƙa'idarsu. A 2017 kuma wani binciken da aka yi kan manya a Lusaka ta Zambiya, waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu, ya nuna abu mai kama da haka: ɓangaren da aka fi ɗura wa ruwa tun farko ya fi yawan mutuwa.

Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya rataya leda ya tafi. Yakan ba da kaɗan, mililita 250 ko 500 ga babba, ya dawo ya duba. In bugun zuciya ya lafa, awon jini ya ɗago, fitsari ya fara zuwa, to an dace. In ba abin da ya canja, ƙara ruwa ba shi ne mafita ba, sai a koma ga maganin da ke matse jijiyoyi, wanda galibi a ɗakin kulawa ta musamman ake ba da shi. Wanda kuma ba abin da yake zubarwa, ci da sha ne kawai ba ya iyawa, leda 3 zuwa 4 sun ishi mai kilo 60 a yini guda cur.

Ni a ganina, likitan da ya ce "wannan ba ya buƙatar ruwa" ya fi cancantar a yarda da shi fiye da mai kemis ɗin da ke da leda a rataye kullum a bayan kanti. Mai kemis irin na unguwa lasisinsa na sayar da magani ne, bai ba shi damar yin allura ko sa ruwa ba. Ba shi da abin awon ƙoda, ba shi da oksijin in abu ya ɓaci. Gajiya bayan an sauko daga tirela tun daga Mubi ko Potiskum ba ciwon leda ba ne. A sha ruwa, a ci abinci, a yi barci.

Abin da ake dubawa, da abin da kai za ka iya dubawa

A manyan asibitoci irin LUTH da ke nan Idi-Araba, LASUTH a Ikeja ko UCH a Ibadan, mai tsananin ciwo ana haɗa shi da na'ura mai nuna bugun zuciya, awon jini da yawan oksijin. Lambar sama ta awon jini in ta sauka ƙasa da 90 ga babba, abin damuwa ne. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa in ya nuna ƙasa da 90, iska ba ta isa. Ana kuma ɗibar jini a duba aikin ƙoda da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda ƙarancinsa da yawansa duk suna iya tsayar da zuciya. In an rubuta wannan gwajin kada a ce ɓarnar kuɗi ce, da shi ake sanin ledar da za a sa gaba.

Amma ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi shi ne fitsari. Ƙoda mai samun jini tana fitar da aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo a awa. Mai kilo 60, mililita 30 a awa kenan, wajen cokalin cin abinci biyu. Dalilin sa robar fitsari kenan. Na san dattawanmu suna ƙin ta ƙwarai saboda kunya, kuma da gaskiyarsu, ba abu ne mai daɗi ba. Ana iya roƙon namiji ya sa wa namiji, mace ta sa wa mace, a ja labule. Amma kada a hana. Kada kuma mai jinya ya zubar da abin da ya taru a jakar, ko amai, ko gudawa, bai gaya wa nas ba. Akwai takardar da suke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma kofin shayi ko kunun da ka ba shi ma yana cikin lissafi. In an shafe awa 6 jaka ba ta motsa ba alhali ruwa na ta shiga, je ka faɗa, ko da tsakar dare ne.

A ɗakin da nas ɗaya ke kula da gado ashirin, idon mai jinya yana da amfani sosai. Ka lura da numfashi. In ya fara haki, yana tari, ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko kumfa na fitowa a baki, ko fatar ido da fuska sun kumbura, jijiyoyin wuya sun tashi, to alamar ruwa ya yi yawa ce. Kira nas da gudu, ka ɗaga masa kai. Akwai allurar da ke sa a fitsarar da shi. In kuwa tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, yana sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa, harshe ya bushe, to har yanzu bai wadata ba ko ciwon na ƙaruwa. Za ka iya danna farcensa na daƙiƙa 5 ka saki: in jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 3, jini ba ya kaiwa gefe.

Ɗan tayan da ke jikin igiya

Wannan ɗan abin murzawa da ke jikin igiyar ruwa, don Allah a bar shi. Na sha ganin mai jinya ya buɗe shi wai don leda ta ƙare a tafi gida, ko marar lafiya ya rufe don zai shiga ban-ɗaki ya manta. A igiyar manya da aka saba, ɗigo 20 ne mililita ɗaya. In an ce leda ta yi awa 8, ɗigo 21 kenan a minti. In awa 4 ce, wajen 42. Kana iya tambayar nas awa nawa aka rubuta, ka duba agogon wayarka ka ƙirga ɗigon da ke sauka a ɗan kwalbar nan. In ka ga ya zama zare maimakon ɗigo, ko ya tsaya cak, ka sanar. Na yara daban ne, ɗigo 60 ne mililita ɗaya, kuma akwai wani gwangwanin awo da ake sa musu a tsakani don kada leda guda ta juye musu gaba ɗaya.

Haɗarin ya fi girma in an zuba magani a ledar. Kwinin na zazzaɓi awa 4 ake so ya ɗauka, fotasiyam kuwa in ya shiga da gudu zuciya tsayawa take. In ka ga an manna takarda ko an yi rubutu da biro a jikin leda, akwai wani abu a ciki.

Sai ita allurar robar da ke hannu, wadda suke kira kanula. Launinta girmanta yake nunawa: kore ta fi ruwan hoda faɗi, ruwan hoda ta fi shuɗiya, rawaya ta jarirai ce. In wurin ya kumbura ya yi sanyi, ta fita daga jijiya, ruwa ƙarƙashin fata yake taruwa. In ya yi ja, da zafi, jijiyar ta yi tauri kamar igiya, ta fara ruruwa ne, sai a canja wuri. Kada a jiƙa filastar wajen alwala ko wanka, kada a shafa mata man zafi ko wani magani na gida. In leda ta ƙare jini ya ɗan hau igiya, ba abin tashin hankali ba ne, a kira nas ta rufe. In kuma ana fara sabuwar leda sai ga rawar sanyi da zazzaɓi farat ɗaya, a faɗa nan da nan, kada a jefar da ledar, za su so su gani.

Yawancin asibitoci kai za a tura ka sayo ruwan. Ka nuna takardar da aka rubuta, kada ka yarda a ce babu wannan amma ga wani duk ɗaya ne. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ɗaga ledar a haske. In da gurɓata ko wani abu na yawo a ciki, ko ka matsa ka ga tana yoyo, mayar da ita.

Kafin a kai ga leda

Mafi yawan masu gudawa ba sa buƙatar jijiya in an fara ba su ruwan sha da wuri. Ƙullin ORS guda ana zuba shi a lita ɗaya, fiya wata biyu kenan, ba ɗaya ba. In babu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba kaɗan-kaɗan. Amma wanda ya kasa sha, ko komai ya sha sai ya dawo, ko gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ya daina fitsari, a ɗauke shi a tafi, ana ba shi yana kurɓa a hanya.

Da an isa, a gaya wa likita gaskiya: yaushe ciwon ya fara, sau nawa ya zaga, yaushe ya yi fitsarin ƙarshe, yana da hawan jini ko suga ko ciwon ƙoda, wane jiƙo ko ƙwaya ya sha, kuma leda nawa aka riga aka sa masa a gida ko a kemis. Wannan na ƙarshe mutane suna ɓoyewa don tsoron faɗa, alhali in likita bai sani ba zai ɗora nasa lissafin a kan wanda ya riga ya cika. In ba ka jin Turanci ko yaren garin, nemi tafinta ta hannun Sarkin Hausawa ko shugaban kara tun kafin a tashi mota. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a Legas akwai 767. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

In marar lafiya ya fara ci da sha, fitsari na zuwa daidai, ana iya tambayar likita ko lokacin cire ruwan ya yi, domin kowace rana da roba ta ƙara a jijiya ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A tabbata an zare ta kafin a bar asibiti, sai fa in an ce a dawo da ita don sauran allurai. In bayan kwana biyu ko uku a gida wurin ya yi ja yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya dawo, a koma a nuna musu hannun.